Itacen gona na wa ne? Yadda ƙungiyoyi da manoma suka juya dokar daji a Nijar

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram cikin rani, ya ratsa Agiye da Tasawa, ko ya gangara kudu wajen Matamaye da Magarya, zai ga gonaki sun bushe ƙurmus, an kwashe karan gero, amma gawo na tsaye kore shar a tsakiyarsu, awaki na tsintar 'ya'yansa a gindi. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan uwansa. Yana zubar da ganye da faɗuwar damina, lokacin da gero ke neman rana, sannan ya tofo da kaka, lokacin da dabba ke neman inuwa da abin kiwo. Tsakanin gawon akwai kalgo da sabara da aduwa da magarya, wasu sun kai tsayin ɗaki, wasu ba su wuce ƙugun mutum ba. Mafi yawansu ba wanda ya dasa su. A farkon shekarun 1980 kuwa, da yawa daga cikin gonakin nan fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

Masu bincike irin su Mahamane Larwanou na Nijar, da Chris Reij na Holan, da Gray Tappan na Amurka, sun kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga. Ƙiyasinsu shi ne itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi, babu wani shirin dashen itace a yankin Sahel da ya kama ƙafarsa.

In aka ce ƙungiyoyin kare muhalli sun sa gwamnati ta canza manufarta ta gandun daji, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne zanga-zanga. A tuna da Wangari Maathai a Kenya, wadda aka fasa wa kai a 1999 tana hana a yanka dajin Karura a raba wa masu hannu da shuni, ko matan Indiya na gwagwarmayar Chipko da suka rungumi itatuwa a shekarun 1970 don kada a sare. Wannan hanya ce, kuma ta yi aiki inda ta yi. A Nijar abin ya bi ta wata kafa dabam, mai tafiyar hawainiya, wadda a ganina ta fi kusa da halin da ƙasar Hausa take ciki. Ƙungiyoyin ba su fara da neman a sake doka ba. Sun fara da nemo wa manomi sararin da zai yi abin da doka ta hana shi, a ƙaramin wuri, da yardar wani jami'i guda. Da abin ya yaɗu ya zama ruwan dare, sai doka ta biyo baya tana ɗingishi, bayan shekara ashirin da wani abu.

Sai an san dokar da aka tarar kafin a gane nauyin abin. A ranar 4 ga Yulin 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji ga dukkan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ɗauki duk dajin da ba wanda ke da takardar mallakarsa a matsayin na hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa ta ce ba a taɓa su sai da izini, ko da a tsakiyar gonar gado suke. Bayan samun 'yancin kai ba a yar da wannan tsari ba. Dokar 1974 ta Nijar ta gaji ruhinsa, da jerin itatuwan da aka kare, ciki har da gawo da kuka da tsamiya da giginya da goriba. Ma'aikatan gandun daji kuwa masu kaki ne, tsarinsu na soja, aikinsu kamu da cin tara.

Niyyar dokar kare itace ce, amma a duba yadda ta sauka a kan talaka. Gawo ya tsiro a gonarka, ka bar shi ya girma, ranar da ka sare reshe ɗaya don gyaran rumbu sai ka zama mai laifi. Wani kuma daga birni zai je ya sayi takardar izini, ya zo da gatari ya sare itacen da ka yi shekara goma kana kallo, ba ka da bakin magana. To me zai sa ka bar shi ya girma? Hankali ya ce ka cire shi tun yana ƙarami, kafin ya zama abin jawo maka masu kaki. Ga kuma malaman gona na wancan zamani suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona tas, wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da ta ci karo da kututture ba, musamman a shekarun da gyaɗa ke kawo kuɗi. Doka ta ja ta nan, koyarwa ta ja ta can, duka biyun suka haɗu a kan share gona.

Kada a ɗauka ƙasar ba ta san darajar itace ba kafin zuwan Turawa. Tarihin baka na Damagaram yana cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ilimin yana nan tun kaka da kakanni. Abin da aka ƙwace wa manomi shi ne tabbacin cewa wahalar da ya sha a kan itace shi zai ci moriyarta.

Da fari ya afka wa Sahel a farkon shekarun 1970, ƙungiyoyin agaji suka kwararo, kuma kusan dukkansu da magani ɗaya suka zo: a dasa. Aka kafa wuraren renon dashe, aka cika ledoji da ƙasa, aka raba dogon yaro da turare, aka killace filayen ƙauye da waya. Gwamnati ta mayar da 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ranar dashen itace. A 1984 shugaban Nijar na lokacin, Janar Seyni Kountché, ya tara babban taro a Maraɗi kan yaƙi da kwararar hamada, inda aka ɗauki alkawarin kowane yanki zai riƙa dashe kowace shekara. Yawancin dashen bai rayu ba. Rana ta ƙone wani, gara ta ci wani, akuya ta ƙarasa saura. Kuma filin dashen ƙauye na kowa ne a baki, na hukuma ne a takarda, don haka ba wanda ya ga dalilin ɗaukar tulu ya kai masa ruwa a watan Afrilu.

Akwai inda dashe ya yi nasara, kuma nasarar ce ta fara tono matsalar. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, tare da ma'aikatan gandun daji na Buza. Itatuwan suka kama, suka girma, amfanin gona ya ƙaru a bayansu. Da lokacin sassabe rassan ya yi, sai tambaya ta taso wadda ba wanda ya shirya mata: itacen na wa ne? Na mai gonar da layin ya ratsa, ko na mutanen garin da suka yi aikin gayya, ko na hukuma? Dole aka zauna aka tsara yadda za a raba, kuma mutanen ƙauyukan suka sami rabonsu. Wannan ya nuna wa duk mai lura cewa maganar mallaka ba ta kaucewa.

Amma babban juyin ya faru ne a Maraɗi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, shi ma da aikin dashe. Shekara biyu yana fama, dashensa na mutuwa. A 1983, kamar yadda ya sha ba da labari, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane itace ne da aka sare, kututturen na da rai, saiwarsa na can ƙasa tana shan danshi, kowace shekara yana tofo, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone kafin shuka. Irinsa kuwa miliyoyi ne a gonakin yankin.

Aikin da kansa ba shi da wuyar koyo. Manomi zai tsaya kan kututturen kalgo ko sabara da ya fitar da tofo ashirin ko talatin, duk sirara, suna cin junansu. Sai ya zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire saura da adda ko ƙaramin gatari mai kaifi, yana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan gindi har wajen rabin tsayinsu. Wani kan ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, duk ƙarfinta sai ya koma kan 'yan tofon nan, a shekara biyu ko uku su wuce tsayin mutum. Kowace shekara ya sare ɗaya ya yi makamashi ko dirkar rumfa, ya bar wani sabo ya maye gurbinsa. Ba leda, ba ban ruwa, ba waya. A yankin ana kiran abin sassaben zamani, a takardun gwamnati kuma da Faransanci ana taƙaita shi RNA.

Manoma goma sha wani abu ne suka fara gwadawa, kuma sun sha dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Abin da ya fi dariya ciwo shi ne sata: dare ya yi, a zo a sare 'yan itatuwan, tun da a fahimtar kowa itacen gona ba na mai gona ba ne. A nan ne ƙungiyar ta yi abin da nake ganin shi ne ainihin gudummawarta, fiye ma da dabarar sassaben. Ta je wurin shugabannin gandun daji na Maraɗi ta nemi a sassauta, a bar wanda ya reni itace a gonarsa ya amfana da shi ba tare da tsoron tara ba. Suka yarda. Ba a canza ko harafi ɗaya a dokar ƙasa ba, an dai ɗaga ƙafa ne a jiha ɗaya.

Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi. SIM na rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, sai ta sa sharaɗin cewa mai karɓar hatsi zai bar itatuwa a gonarsa. Aka reni kimanin dubu 500. Da rabon abinci ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Wannan ɓangaren labarin bai kamata a riƙa tsallake shi ba, don yana nuna iyakar abin da buhun hatsi zai iya saya. Amma sauran kashi ɗayan ya tsaya, masu shi kuwa suka ga gero bai ragu ba, iska ta rage binne shuka, ga itacen girki a kusa, ga na kai wa kasuwa. Maƙwabci ya gani, baƙon da ya zo cin kasuwa ya gani, ɗan ci-rani ya kai labari garinsu. Daga nan abin ya fi ƙarfin kowace ƙungiya.

Akwai wani dalili da masu rubuta rahoton ayyuka ba su cika son ambata ba. A daidai wannan lokaci hukuma ta yi rauni. Farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya bushe, Kountché ya rasu a 1987, aka yi babban taron ƙasa a 1991, sannan juyin mulki a 1996 da 1999. Ma'aikacin gandun daji da ba shi da man babur ba ya zuwa ƙauye kamu. Manoma suka wayi gari ba mai tsare su, suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu tun kafin kowa ya rubuta haka. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya rufe gonaki masu faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, yawan jama'a da ƙarancin fili ne suka fi tura mutane, don ba sauran saurar da za a bari ta huta, sai dai a nemi takin gawo.

Gefe guda kuma wasu na aiki a Yamai da kan manyan dazuzzuka. A dajin Geselbodi, kusa da babban birnin, wani shiri da hukumar agajin Amurka ta USAID ta ɗauki nauyi a shekarun 1980 ya gwada ba ƙungiyar mutanen ƙauyukan da ke kewaye damar kula da dajin hukuma da sayar da itacensa, abin da ba a saba ba. CARE ta yi makamancin haka a dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Waɗannan gwaje-gwaje ne suka zama hujja a hannun masu neman gyara a cikin ma'aikatar kanta, domin a kowace ma'aikata akwai masu ganin tsarin kamu da tara ya gaza. A 1992 aka kafa dokar kasuwannin itace na karkara, wadda ta ba ƙauyuka ikon sayar da itacen dajinsu, ana karɓar haraji tun daga tushe a raba tsakanin gari da ƙaramar hukuma da gwamnati. A 1993 aka fitar da ginshiƙan dokar karkara, wadda ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, ta kuma kawo kwamitocin filaye. A 2004 sabuwar dokar gandun daji ta maye gurbin ta 1974, ta buɗe ƙofa ga mallakar daji ta ɗaiɗaikun mutane da ta ƙananan hukumomi. Sai a ranar 30 ga Yulin 2020, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, aka sa hannu kan dokar da ta keɓanta ga sassaben zamani, ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar itacen da ya rena. Daga tsayuwar motar nan a kan rairayi zuwa wannan sa hannu, shekara 37 ke nan.

A Mali an ga wani salon na wannan aiki. Bayan faɗuwar Shugaba Moussa Traoré a 1991, lokacin da fushin talakawa ya sauka a kan ma'aikatan gandun daji saboda tsananin tararsu, an sassauta dokar a tsakiyar shekarun 1990. Amma mutanen ƙauye ba su san an sassauta ba. A yankin Bankas, ƙungiyar SOS Sahel, daga baya kuma Sahel Eco, suka riƙa bayyana abin da dokar ta ƙunsa ta gidan rediyo da harshen mutanen wurin. Manomin da ya ji da kunnensa abin da doka ta ba shi, ba a cin sa tara a banza.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu a kan yadda ake ba da wannan labari a duniya. Na farko, ana yawan mayar da shi labarin Bature ɗaya da ya ceci Sahel. Rinaudo ya cancanci yabo, kuma lambar girmamawa ta Right Livelihood da aka ba shi a 2018, a shekarar da aka ba manomi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, ba a yi kuskure ba. Amma barin itace a gona tsohuwar sana'ar Bahaushe ce, kuma hannuwan da suka reni itatuwa miliyan 200 hannuwan talakawa ne da ba a san sunansu ba, da yawansu ba su taɓa ganin ma'aikacin wata ƙungiya ba. In aka manta da wannan, sai masu ba da kuɗi su ɗauka sirrin yana cikin kafa sabon shiri da sayen motoci.

Na biyu ya fi damuna. Ranar da itace ya zama na mai gona, akwai wanda ya rasa. Matar da ba ta da gona, wadda a da take fita ta sassabo sabara a ko'ina, yanzu sai ta roƙa ko ta saya. Makiyayin da ya saba sauke wa dabbobinsa rassan gawo a ƙarshen rani, yanzu ɓarawo ake kiransa. Wanda ke noma gonar aro yana tsoron renon itace, don mai gonar zai iya cewa yana neman kafa hujjar mallaka. A Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, inda wani shiri na IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi aiki, mutanen garin sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa da mata da makiyaya, suka tsara wa kansu ƙa'idar sara da tara, ma'aikatan gandun daji na mara musu baya in rigima ta fi ƙarfinsu. Irin wannan zama shi ne aikin da ya rage wa ƙungiyoyi, kuma ya fi koyar da riƙon adda wuya nesa ba kusa ba, don sai an sa mai gona ya yarda cewa akwai haƙƙin wani a kan abin da ya ɗauka nasa ne shi kaɗai.

A tsallaken iyaka, a Katsina da Jigawa da Sakkwato, ƙasar ɗaya ce, itatuwan ɗaya ne, har dangin ma ɗaya ne. Binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa ya daɗe da nuna cewa manoman karkarar Kano, duk da cunkoson jama'a, suna riƙe da kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a gonakinsu, saboda sun san nasu ne. Amma har yanzu idan gwamnati ko ƙungiya ta tashi maganar hamada a arewacin Najeriya, da dashe ake farawa, da shi ake ƙarewa. An yi layukan tare iska da kuɗin Bankin Duniya da na Tarayyar Turai a ƙarshen shekarun 1980. An kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa a 2015 don jihohi 11. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na jihohin arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne masu yawa, kuma ba na cewa dashe ba shi da amfani, don inda saiwa ta mutu ƙurmus ba makawa sai an dasa.

Abin da nake son gani daga ƙungiyoyin matasanmu masu rabon dashe a makarantu da masallatai shi ne su ƙara wani aiki a kan wanda suke yi. A Najeriya dokokin gandun daji na jihohi ne, don haka majalisar da za a tunkara tana nan kusa, a Katsina ko Dutse ko Birnin Kebbi. A samo dokar jiha a karanta, a ga me ta ce game da itacen da ya tsiro da kansa a gonar mutum, wa ke ba da izinin sara, nawa ake biya, wa ke karɓa. A mayar da ita Hausa a karanta a rediyo. A zauna da mai unguwa da arɗo da masu gawayi da matan da ke ɗauko itace a kan yadda za a tsare tofon bana. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zama shi ne watan Maris zuwa Afrilu, kafin a fita sharar gona, don a makonnin nan ne ake sassabe tofon kalgo da sabara a tara a cinna musu wuta.